Sanda Ɗaya Babu Tuta

"Ƙasashe nawa ne a ƙungiyar nan?" shugaban taron ya daka mata tsawa.

"Talatin da biyu, ranka ya daɗe."

"To, ƙirga tutocinki!"

Mai adon zauren ta sake bin layin da yatsa. Talatin da ɗaya, ga sanda guda tsirara. Saura minti goma wakilai su shigo. Duk ƙasar da ta rasa tutarta ficewa za ta yi, aikinta kuma ya bi ta.

Ta kira yayanta tela a waya. "Yaya, ka kashe ni! Wacce ka manta?"

"Kin cika raki. Duk sunan da ke takardarki na ɗinka."

Ta zaro takardar, ta bi suna bayan suna. Kowace ƙasa ga tutarta tsaye. Jiniyar motocin wakilai ta fara tasowa daga titi.

Tsoho mai shara, da tun ɗazu yake saurare, ya leƙa saman takardar, ya haɗa baƙaƙen a hankali: "Je-rin ba-ƙi."

Ya ɗago kai. "'Yata, baƙi kika ƙirga. Mu masu gida fa, ba mu da ƙasa ne?"