Sabis Ya Kawo

Ana kiran sallar magariba sabis ya kawo a na'urar. Ya ajiye ƙarfen dalma, ya share gumi da hannun riga, ya yi hamdala.

Tun da hantsi ya ɓuya a shagon wani abokinsa, bai faɗa wa kowa ba, yana fama da gem ɗin hannu na 'yarsa. Ciwon sikila ya kwantar da ita a gidansu na Gwale, ba ta da abokin hira sai wannan na'ura. Jiya ta riƙe masa yatsa ta ce, "Baba, ina ma abin nan yana kira. In ciwon ya taso sai in kira ka da kaina, ba sai na jira wayar Umma ba."

Shi ya sa ya buɗe bayan na'urar ya dasa mata gidan layi. Da bai sami layin gwaji ba, sai ya zare nasa daga waya ya zura. Ai na ɗan lokaci ne.

Bai gama mayar da murfi ba na'urar ta ɗau ruri. Wansa ne.

"Ina ka shiga? Tun azahar muke nemanka, layinka a kashe. Kai take ta kira har ta cika. Mun jira ka har bayan la'asar, liman ya ce kada a wahalar da ita. Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Muryar ta fito tangaram, kowace kalma a sarari. Aikin ya yi kyau.