Rigar Falwaya mai lamba tara

"Shi muka kira, sai ya turo mana uwa?" in ji manajan ƙungiyar ƙwallon kwando. Ko kujera bai nuna min ba.

Na tsaya riƙe da ledata. Ranar suke zaɓen wanda za a riƙe da wanda za a sallama kafin a dawo wasa. Sunan ɗana, da suke kira Falwaya saboda tsayinsa, yana kan allo. Ban iya karatu sosai ba, amma na gane lambarsa, an zagaye ta da jan biro.

"Mama, sallamarsa zan yi," in ji manaja. "Tun da aka tafi hutu ba ya ɗaga waya. Shekaranjiya ma na hango shi a gidan rawa, har teɓa ya ajiye."

Koci ya ce, "Haba, ranka ya daɗe. Ni kullum idona na kan yarana. Makon jiya na same shi yana atisaye shi kaɗai, hannunsa ya ƙara saiti. A bar min shi."

Suka yi ta musu, kowa na rantsuwa da idonsa ya gani. Na bar su har shayinsu ya huce.

Sannan na ciro rigarsa ta wasa daga ledar, a wanke a goge, na ajiye kan teburi.

Na ce, "Ku yi shawararku a tsanake, 'ya'yana, ba inda zai je. Wata biyu ke nan da muka binne shi."