Motar da Ta Daina Karkata

Zauna, Nafi'u, ajiye makullin nan tukuna. Na ji ka ce tun da aka ba ka shugabancin tashar nan mataimakinka ya ishe ka da "a'a" da "a dai duba", kana so ka sauke shi ka kawo wanda zai riƙa ce maka to. Ni kawunka ne, ba zan riƙe maka hannu ba. Amma bari in ba ka misali da mota, tunda harshenta ka fi ji.

An yi wani mutum mai wata gajeriyar mota ja, mai ƙofa biyu, irin wadda cikinta ke kusan shafar kwalta. Ba ya shan taba, ba ya caca, jarabarsa ɗaya ce, shan kwana a guje. Duk Juma'a yakan ɗauki matarsa ya kai ta gaida mahaifiyarta a wani gari bayan duwatsu, hanyar kuwa duk murɗe-murɗe ce. Motar tana da wani hali. In ya shiga kwana da ƙarfi sai jikinta ya karkata gefe, kafaɗarsa ta dafe ƙofa, matar ta cafke kujera ta ce, "Maigida, a hankali mana." Kafin ta rufe baki ƙafarsa ta riga ta sassauta totur. Shekara da shekaru haka suke zuwa, haka suke dawowa lafiya.

Abokansa na majalisa ne suka sa shi gaba da tsiya. Wai motarsa ruku'u take yi a kwana, saura sujada. Shi kuwa mutum ne da gara ka mare shi da ka yi masa dariya, sai maganar ta tsaya masa a rai.

Ka san sitabilaiza, sandan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, wanda ya haɗa tayar dama da ta hagu yana riƙe jikinta kada ya kwanta a kwana. Akwai na gaba akwai na baya, masu ƙera mota sun auna su don su tafi tare. Mutumin nan ya sa aka kawo masa wani mai kauri daga waje, mai huji-huji a bakinsa, ka ɗaura a hujin ƙarshe ya yi sassauci, ka matso ciki ya yi tsauri. Na baya kaɗai ya sauya, don ya ji an ce shi ke sa mota ta juya da kaifi. Makaniken, mai neman na cefane, ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Yallaɓai, a wane huji?" Ya ce, "Na can ciki. Ɗaure shi tamau." Bai nemi fili ya gwada ta ba, bai bi hujin ɗaya bayan ɗaya ya ji yadda take canzawa ba. Gaggawa yake yi ya je majalisa.

Aiki kuwa ya yi kyau a ido. Motar ta daina karkata, tana shan kwana a shimfiɗe kamar tabarma. Abokai suka tafa masa. Kafaɗarsa ta daina taɓa ƙofa, matar ta daina cafkar kujera, har gyangyaɗi ta fara yi a hanya. Ya ɗauka haɗarin ne ya tafi. Nan ne abin ke ba ni takaici, Nafi'u, domin tayoyin nan su ne dai na jiya, hanyar ma ita ce ta jiya. Karkatar da ya tsana ita ce bakin da motar ke gaya masa ya kusa wuce iyaka, shi kuma bakin ya toshe. Kowace Juma'a gudu na ƙaruwa, ba mai ce masa kul.

Wata Juma'a da la'asar aka yi yayyafin farkon damina, kwalta ta yi santsi. Ya shiga wata kwana da ya sani kamar yunwar cikinsa. Tayar baya ta faɗa wani ɗan rami, ƙarfen da ba ya sassauci ya ƙi ba ta sarari, sai bayan motar ya ƙwace gaba ɗaya, ba ƙara, ba karkata, ba alama. Ya taka birki, ta ƙara juyawa, ta daki kan kwalbati ta gefen da matar take. Barci take yi. Ko salati ba ta samu yi ba. Shi ya fito da ƙujewa a gwiwar hannu.

Da aka janyo motar gareji komai nata ya lotse, amma sandan ƙarfen nan yana nan garau, ko fentinsa bai kankare ba. Abokan suka zo ta'aziyya, suka zauna a tabarma kowa kai a sunkuye, ba wanda ya ƙara zancen ruku'u. Mutumin bai sake riƙe sitiyari ba. Har yanzu duk Juma'a yana zuwa gaida surukarsa, a motar haya, a kujerar baya. In sun iso kwanar nan tsohuwar bas ta karkata, sai ka ga ya cafke kujera yana cewa, "Direba, a hankali mana." Fasinjoji su yi ta kallonsa, ba su san da muryar wa yake magana ba.

To, ga makullinka nan. Mataimakinka yana karkata, na sani, kuma ba daɗin gani. Kafin ka ɗaure shi tamau ka tuna mutane nawa ke barci a gefenka, sun amince da tuƙinka. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira aka rasa ido.