Garken Barty Scally

Colman Tormey yana ɗaure shingen da ya daɗe ba ya tsare komai, sai ya hango garke a hayin kogi. Tumakin kudu ne, farare, masu faɗin baya. Ya hau doki ya gangara mashigi, don ko na wani ne, idon makiyayi ba ya ƙin kallon tunkiya.

Tun farin da ya share masa garke bai ƙara jin kukan dabba a filinsa ba. Matarsa tana maƙabartar coci. Ɗansa Fintan ya tafi yi wa wasu kiwo bayan sun yi sa-in-sa. Ciyawa kuwa ta dawo har gwiwa, babu mai ci.

Mai koro garken tsoho ne mai rabin kunne. Colman ya dubi kunnen, ya ji muryar da yake tsawata wa karnuka da ita, sai ya gane shi. Barty Scally ne, maƙwabcinsu a ƙasar Ailan, wanda ya sha cin dankali a tukunyar uwarsa. A shekarun yunwa, da mai ƙasa ya nemi masu rushe gidajen waɗanda ya kora, Scally ya ɗauki sandar ƙarfe. Shi ya hau ya ɓalle musu jinka. Uwar Colman ta cika a ramin gefen hanya, ruwan sama yana zuba mata a fuska. Da wannan Colman ya ƙetaro teku zuwa Ajantina, da shi ya tsufa.

Scally bai gane shi ba. Wa zai nemi korarren saurayi a cikin wannan furfurar?

"Allah ya yi wa aiki albarka," in ji Colman.

"Kai ma ya yi maka, ɗan ƙasarmu. Na ji harshen gida a bakinka."

"Duka naka ne?"

Scally ya gyara zaman hularsa. "Ka ga wani a bayansu ban da ni da karnuka?"

"Ashe ka yi arziki."

"Ni ko a shekarun yunwa ban rasa aiki ba. Malalata ne suka mutu."

Colman ya yi murmushi. Scally ya ce abokin tafiyarsa yana baya, ƙafar amalanke ta karye masa, kuma abokin ya ja masa kunne kada a tsallaka kogin sai ya iso. "Yaro ne, tsoro ya yi masa yawa. Ga shi a wannan gefen babu ko tsinken ciyawar da akuya za ta ɗauka."

Colman ya waiwaya ya dubi filinsa. A cikin ciyawar akwai mio-mio, ɗan tsiro mai sabon toho kore shar. Tunkiyar da aka haifa a nan ba ta kai masa baki. Baƙuwa ita ce ke ci, ta ƙoshi, ta mutu. Shi ya sa duk wanda ya kawo garke daga nesa sai ya ƙona ganyen ya turara musu hayaƙinsa, ko ya goga musu a dasashi don su ƙi shi, kafin ya sake su. Kowa a wannan hayi ya san haka. Ana gaya wa baƙo tun kafin a tambayi sunansa.

"Tsallako da su, dattijo," in ji Colman. "Filina ne. Ba na hana ɗan ƙasarmu ciyawa."

Shi da kansa ya taya shi. Ya ɗora 'yan tumaki a gaban sirdi ya haye da su, kada ruwa ya ci ko ɗaya. Ya kama wata tunkiya ya buɗe ulunta da yatsu. Tunda yake kiwo bai taɓa riƙe irinsa ba. Wanda ya zaɓi waɗannan ya san tumaki. Tausayi ya taso masa, ya tuna ramin gefen hanya, ya sake ta. Ta nufi kore-koren.

Ya gasa wa Scally nama, ya ba shi wurin kwana a ƙarƙashin jinkarsa.

Washegari da hantsi tunkiya ta farko ta faɗi. Cikinta ya kumbura, ƙafafunta suna rawa, kumfa a bakinta. Kafin rana ta take, filin ya yi fari da su. Scally yana gudu daga wannan zuwa waccan, yana ɗaga kawunansu suna komawa. Colman ya tsaya bisa doki har ya tabbata babu abin da za a ceto, sannan ya matso.

"Barty, yaya ka ji tsayuwa a fili ba ka da komai?"

Scally ya ɗago kai.

"Ɗan Nora Tormey ne ni. Ka tuna jinkarta?"

Colman ya daɗe yana tanadin abin da zai gani a wannan fuskar. Bai ga tsoro ba, bai ga kuka ba. Scally ya ƙura masa ido kamar mai duban mara lafiya.

"Tormey?" ya ce a hankali. Sai ya juya ya dubi mashigi.

Amalanke ne yake tsallakowa, da sabuwar ƙafa. Mai tuƙin ya miƙe tsaye yana kaɗa hula. Daga nesa haka, tumakin da ke kwance a ciyawa sun yi kama da waɗanda suka ƙoshi.

"Baba!" Fintan ya ƙwala kira. "Ka ga garken da na kawo maka?"