Jan Babur na Takarda

Ina riƙe da ashana jami'in unguwarmu ya shigo tsakar gida.

Ranar ce maigidana ya cika shekara da rasuwa. A nan Hanoi, abin da muka ƙona na takarda shi ke isa ga mamatanmu. Shi kuwa har ya mutu keke yake hawa, kullum sai baɗi zai sayi babur. Sai na sayo masa na takarda, ja, har da madubi. Amma lasifikar gwamnati ta ishe mu da a rage ƙone-ƙone, wai an ci gaba.

Na ce, "Ɗan nan, bar ni in aika masa. Ƙafafunsa sun gaji."

Ya zagaya babur ɗin yana girgiza kai. "Inna, kin karya doka."

Ya buɗe jakarsa, ya ciro hular kwano ta takarda. "Mai shagon da kika sayo shi ta ce kin manta. Ko a can ma, Baba ba zai hau babu ita ba."

Na yi dariya har da hawaye, na ƙona su tare. Na dai san halin tsohon nan, a madubi zai rataye ta.