Abin da Littattafan Ba Su Faɗa Ba

"Idan ba saye za ka yi ba, ajiye min littattafaina!" mai shago ya daka wa wani tsoho tsawa.

Tsohon ko ɗagowa bai yi ba. Littattafai uku ya baje a kan kantar shagon, duk labaran mutanen da suka sayar wa Shaiɗan ransu.

"Wannan ya ce da jini ake sa hannu. Wannan ya ce sarauta aka ba mutumin, wancan ya ce ƙuruciya. Duk ƙarya suka shirga."

"Ji tsohon banza! Kana wurin aka yi?"

"Ina wurin. Ni ne mai sayen."

Mai shago ya tuntsire da dariya har da dukan kanta. "To ranka ya daɗe, ni ma na sa nawa a kasuwa. Taya!"

Tsohon ya dubi ɗakin sama, wanda kwalaye suka cika har bakin ƙofa.

"Ɗakin mahaifiyarka ne wancan, ko? Ranar da ka watso mata kayanta waje don ka samu wurin ajiya, ina tsaye a nan." Ya rufe littattafan. "Ba na sayen abin da aka riga aka ba ni kyauta."