Famfon Tsohon Gari

Tun da aka miƙa wa na'ura kasafin kuɗin jiha, aka hana majalisa taɓa ko layi ɗaya, duk shekara sai ma'aikata sun zo gyaran famfon Tsohon Garin Maje. Ba kowa a garin. Ambaliya ta daɗe da tayar da mutanensa zuwa kan tudu, inda ko rijiya babu.

Ranar Talata Gwaggo Talle ta je majalisa wurin wakilinsu, Sallau, ɗan ƙanenta. Ta tarar da 'yan majalisar zaune shiru suna kallon allo. An cire musu makirfo, sai ramukan da ya bari a jikin tebur.

"Sallau, famfon nan kawai za ku sa a dawo mana da shi tudu."

"Gwaggo, na roƙa har na gaji. A wurin na'ura, garin yana nan inda yake. Ikon gyara kasafin kuwa, ku kuka ce a karɓe mana."

Ta tuna guɗar da ta rangaɗa ranar da aka yi dokar, tana cewa an huta da ɓarayi.

Ta ja mayafinta, ta miƙe.

"Haka ne, ɗana. Amma ɓarawon, in na zo na zage shi, yakan ji kunya."